Kachala Ta Cinye Kogin Hadejia, Ku Daina Kiran Sakaci Ƙaddara

Da watan Agusta ya raba, manomin Auyo da na Kafin Hausa da na Guri ba ya sake barci da ido biyu. Shinkafa ta yi ciki, gero ya fitar da kai, bashin taki na wuyansa, shi kuwa yana tsaye a kan jinga da fitila da buhun yashi yana duba inda ruwa ya kai. Idan jingar ta karye, cikin dare guda wahalar wata uku ta tafi. Bayan kwana biyu sai ga jerin motoci daga birni, a sauke tabarmi da bargo da 'yan buhunan masara, a ɗauki hoto, a ce wa mutane su yi haƙuri, ƙaddara ce daga Allah. Wannan maganar ce take ƙona mini rai.

Mu musulmi ne, mun yi imani da ƙaddara. Ruwan sama na Allah ne, babu mai hana shi sauka. Amma hanyar da ruwan zai bi bayan ya sauka amana ce a hannun mutane, kuma mutanen da aka ba amanar suna karɓar albashi a kanta.

A duba yadda abin ya faro. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, daidai lokacin da farin da ya halaka dabbobi da amfanin gona a ƙasashen Sahel bai gama sakin mutane ba. Ta Challawa ta biyo baya a 1992. Niyyar mai kyau ce, kuma noman rani na Kura da Kadawa shaida ne. Sai dai kafin madatsun, kogin Hadejia yakan cika ya malala fadamu da damina, ya janye da kaka, wasu rassansa su ƙafe da rani. Da wannan tsari kakanninmu suka san lokacin shuka shinkafa, da lokacin su, da lokacin da makiyayi zai shigo da shanunsa. Da aka koma sakin ruwa rani da damina, ƙasa ta daina bushewa. Abin da ciyawar kachala ke so ke nan: ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. Ta bazu, ta riƙe laka da yashi, ta toshe magudanai. Yanzu idan damina ta yi ƙarfi kuma aka ƙara da ruwan madatsa, kogin ba shi da hanya, sai ya bi gonaki da gidaje. Ruwa ya taru ta wajen Kirikasamma da Nguru ya kwanta a fadamun da a da ake nomawa, alhali na ƙasa da su, wajen Gashuwa da Gaidam, suna kukan abin da ke isowa gare su ya ragu. Kogi ɗaya, wani yana nutsewa, wani yana ƙishi.

Ita kuma kachalar ta zama masaukin tsuntsun jan baki. Abin da ya tsira daga ambaliya, tsuntsu ya sauka a kansa. Yaran da ya kamata su kasance a makaranta su wuni a gona suna kaɗa gwangwani suna ihu.

Duk wannan ba sirri ba ne. Akwai hukumar raya kogunan Hadejia da Jama'are tun 1976. Hukumar hasashen yanayi tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, masu lura da koguna su ma suna fitar da jerin ƙananan hukumomin da ambaliya za ta iya shafa. To wa ake gaya wa? A karanta takarda da Turanci a babban ɗakin taro a Abuja, a watse. Manomin da ke buƙatar ya san ko ya shuka iri mai saurin nuna, ko ruwa zai yi tsaiko bayan shuka, ba wanda ya kai masa labari da harshensa. Malamin gona da a da yake zagaya ƙauyuka a kan babur, yau sai ka yi kakar noma guda ba ka gan shi ba.

Kada kuma wani ya ce mini babu kuɗi. Tun 1981 ake ware kaso daga asusun tarayya domin matsalolin muhalli. Mun ga inda irin wannan kuɗin ke zuwa. A 2018 kotu ta ɗaure tsohon gwamnan Filato, Joshua Dariye, kan karkatar da sama da naira biliyan ɗaya na kuɗin muhallin. A watan Afrilun 2022 aka yi masa afuwa. A daminar 2022 ɗin ce ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu, Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Wane darasi aka koya wa mai riƙe da kuɗin a yau?

Talakawa sun yi iya nasu. Na ga matasa sun shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda suna aikin gayya, suna yankar ciyawar da za ta sake tsirowa kafin wata biyu. Aikin injin ne aka bar wa hannun mutum. An sayo wasu injinan yasa, ban ƙi ba, amma yasar kogi ba aikin da za a tuna da shi a watan Agusta ba ne.

Lokacin aikin shi ne rani, daga Janairu zuwa Mayu, kafin ruwan farko. A yashe magudanai, a gina jinga ta gaske maimakon buhun yashi, a zauna da manoma da masunta da makiyaya a tsara ranakun sakin ruwan Tiga da Challawa, a sanar da su ta rediyo da bakin dagatai da limamai tun da wuri. Kowace jiha ta buga abin da ta karɓa daga asusun muhalli da inda ta kashe shi, naira bayan naira. Ɗan majalisar da ke wakiltar waɗannan garuruwa kuwa, idan ya zo jaje bana, a tambaye shi a gaban jama'a kilomita nawa na kogin aka yashe tun zuwansa na bara.