MAZAN JIYA: Jim Thorpe, ɗan manomi da ya zama sarkin ƙwallon Amurka

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu. Daga Matankari har Tibiri ganga tana kiran samari fagen kokowa. Wanda ya yi kaye ana liƙa masa kuɗi a goshi, ba mai cewa ya yi laifi. Amma a Amurka an taɓa hukunta wani zakara don ya karɓi kuɗin wasa. Sunansa Jim Thorpe.

An haife shi a 1887 a Oklahoma. Ubansa manomi ne. Ƙabilarsu tana cikin mutanen da Turawa suka iske a ƙasar. A lakkol ta Carlisle ya shahara da ƙwallon Amurka. Ƙwallon nan ba irin ta Nijar ba ce. Siffarta kamar ƙwai. Mutum ya rungume ta ya sheƙa da gudu, abokan karawa su tare shi su kayar. Rabi gudu ne, rabi kokowa.

A 1912 ya tafi wasannin Olamfik a ƙasar Suwidin. Ya ci lambar zinariya biyu a gudu da tsalle da jifa. A 1913 aka ƙwace su. Dokar lokacin ta hana wanda aka taɓa biya kuɗin wasa shiga gasar. Shi kuwa a 1909 da 1910 ya yi wasan dukan ƙwallo da sanda, an ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Waɗansu sun yi haka da sunan ƙarya, suka tsira. Shi da sunansa na gaskiya ya yi.

A 1915 ƙungiyar Canton Bulldogs ta ɗauke shi, dala 250 kowane wasa. Dalar Amurka ce fa, ba ta tamma biyar ba! A 1920 ƙungiyoyi suka haɗa kai, suka naɗa shi shugabansu na farko. Haɗin nan shi ne NFL ta yau. Ya bar wasa a 1928, yana da shekara 41.

Da ƙarfi ya tafi, kuɗi suka bi shi. Giya ma ta yi masa ɓarna. Har haƙar rami ya yi don ya ci abinci. Ya rasu a 1953 cikin talauci. Sai a 1983 aka mayar wa ƴaƴansa lambobin.

Kamar yadda filin kokowa na Dosso yake ɗauke da sunan Salma Ɗan Rani, haka wani gari a jihar Pennsylvania yake ɗauke da nasa. Can kabarinsa yake, ko da yake bai taɓa taka garin da ransa ba.