Wata Ma'auni Ne, Ba Mai Rabon Sa'a Ba

'Yan'uwa cikin Kristi, a Ruwan Godiya da ƙauyukan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa akwai masu bi da ba sa ɗaura aure ko fita fatauci sai mai duba ya zaɓa musu kwanan wata. Ya ce jinjirin wata na buɗi ne, duhun wata na asara. Tsoron 'yan bindiga ya ƙara wa wannan sana'a kasuwa, gama mai jin tsoro yakan sayi kowace irin magana.

Bari mu duba abin da ke faruwa a sama. Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake aro. Yana kewaya duniya, mu kuwa muna ganin gefen da rana ta haska. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 ne da rabi, ga mai arziki da matsiyaci. A ranar 29 ga Maris 2006 wata ya rufe rana har gari ya yi duhu a Gusau da Katsina, kuma tun kafin ranar masana sun faɗi sa'ar. Abin da ke bin ƙa'ida haka bawa ne mai biyayya, ba shi da ikon raba sa'a.

Kada wani ya ce muna ƙin wata. Farawa 1:14 da Zabura 104:19 sun nuna Allah ya sa shi domin ƙidayar lokatai. Ikilisiya ma da shi take sanin Ista: Lahadin da ke bin cikar wata ta fari daga 21 ga Maris. Ƙidaya halal ce. Neman ƙaddara a jikin wata shi ne abin da Kubawar Shari'a 18:10-12 ta hana, Ishaya 47:13 kuma ya nuna masu yinsa ba sa iya ceton kowa.

Hasarar a fili take. Yaro na fama da zazzaɓi, ana jiran wata ya tsaya kafin a kai shi asibiti. Damina ta zauna, manomi yana jiran ranar sa'a, ga kuɗin taki an kai wa boka.

Dattawan ikilisiya, zumuntar mata da matasa, mu koyar da wannan a gidajenmu. Mai tafiya ya tambayi labarin hanya, ya yi addu'a, ya tashi. Ubangiji ya tsare mu. Amin.