Mu Je Mu Ga Ɗakin Haihuwa Tun Naƙuda Ba Ta Kankama Ba

Jama'a, akwai ɗaki guda a kowane babban gari namu da ya kamata duk gidan da ke da mai juna biyu ya san ƙofarsa, amma yawancinmu ba ma taka ƙafa a wurin sai da tsakar dare, a gigice, mace na murƙususu a bayan mota, miji na tambayar maigadi ina ne hanya. Ɗakin haihuwa na asibiti nake nufi. Kirana gare mu shi ne mu je mu gan shi da rana tsaka, hankali kwance, tun ciki yana wata bakwai ko takwas, mai cikin tana tafiya da ƙafafunta, tana iya tambaya ana ba ta amsa.

Ai mun san wannan hikima a wani wurin. Babu dangin amaryar da za su kwashi kayan jere su nufi gidan ango ba tare da sun fara zuwa ganin ɗaki ba. Gwaggo da inna za su je su auna bango, su duba inda gado zai zauna, su leƙa makewayi, su ga ko akwai ruwa. Don kwanciyar hankalin 'yarmu muke yin haka, kuma daidai ne. To ɗakin da wannan 'yar tamu za ta shiga ranta a hannun Allah, tsakanin rayuwa da mutuwa, ya fi kowane ɗaki cancantar a je a gan shi. Muna sayen ragon suna tun da wuri, muna ɗinka kayan fitar suna, muna tanadin itacen wankan jego, amma awa guda ta zagaya asibiti ta gagare mu.

Ku dubi abin da ke faruwa da matanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kusan 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da suka mutu ta wannan hanya a duniya. Idan aka raba, kullum garin Allah ya waye muna binne sama da mata 200. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin haihuwa 100 a Najeriya, 39 ne kawai ake yi a asibiti, a Arewa maso Yamma kuwa, wajen 16. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan binciken ya nuna kusan mata biyu cikin uku suna zuwa awo wajen ma'aikacin lafiya. Ke nan mata da yawa sun san hanyar asibiti, suna da kati, an gwada jininsu, an ba su ƙwayoyin ƙarin jini, amma ranar da naƙuda ta zo sai su ja labule su durƙusa a ɗaka. Rashin kuɗi yana ciki, nisa yana ciki, amma tsoron wannan ɗakin da ba su taɓa gani ba shi ma babban dalili ne.

Me mai cikin fari ta sani game da shi? Abin da ta ji a gidan biki da bakin rijiya. An ce malaman asibiti suna da tsawa. An ce da kin shiga sai ƙari da ɗinki. An ce maza ne ke karɓar haihuwa, an ce da kin daɗe kaɗan sai a ce tiyata. Wasu daga cikin maganganun nan suna da tushe, ba zan ɓoye ba, akwai matan da aka wulakanta a kan gadon haihuwa, kuma ciwon yana ransu har yau. Wasu kuma ƙarin gishiri ne da ya girma daga baki zuwa baki. Gani ya kori ji. Macen da ta shiga ta ga gadon da idonta, ta gaisa da ungozomar asibiti, ta san fuskarta da sunanta, ba za ta shiga ranar haihuwa tamkar wadda aka kai gaban alƙali ba. Idan kuma abin da ta gani bai kwanta mata ba, tana da sauran makonni ta nemi wani asibitin.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana jinkiri iri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Ziyara guda kafin lokaci tana rage kowannensu, shi ya sa nake cewa a fara ta tun daga bakin ƙofar asibitin. Maigida, kai wannan ya fi shafa. Tambayi maigadi wace ƙofa ce ake bari a buɗe bayan sha biyun dare, domin a manyan asibitoci ƙofar da ka saba bi da rana tana iya zama a kulle. Taka da ƙafarka daga nan har ɗakin haihuwa, ka ga ko mota tana iya isa bakinsa. Ka san inda ake ciro fayil da dare, inda ake biyan kuɗi, ko suna karɓar tiransifa ko sai tsaba, da kuma kantin maganin da ba ya rufewa. Waɗannan abubuwa ƙanana ne da rana. Da ƙarfe uku na dare, jini na zuba, kowannensu yana iya cin minti ashirin da matarka ba ta da su.

Ke kuma 'yar'uwa, idan kin shiga ciki kada ki bari kunya ta rufe miki baki. Tambayi ko akwai ma'aikaciya da ke kwana, da ko mata ne ke karɓar haihuwa a kowane lokaci. Tambayi ko za a bar mahaifiyarki ko yayarki ta zauna kusa da ke, domin tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada cewa a bar mai naƙuda da wanda ta zaɓa ya tsaya mata, a kuma bar ta ta haihu a yanayin da ya fi mata sauƙi, ko a kwance ko a kan gwiwa kamar yadda iyayenmu suka saba. Wasu ɗakunan sun yi ƙanƙanta, gadaje a jere, ba za su iya ba, amma gara ki sani tun yanzu. Tambayi ko za a ba ku mabiyiya ku tafi da ita gida a binne. Karɓi takardar kayan da suke buƙata, safar hannu da audugar mata da leda da zannuwa da kayan jariri, a haɗa su cikin jaka guda a ajiye inda kowa a gidan ya sani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai maganar jini, kuma a nan nake so mu daɗe. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma yana iya gamawa da mace lafiyayya cikin awa biyu. An haihu lafiya, an yi guɗa, an fara buga waya ana sanar da dangi, sai a ga maijego ta fara gumi, tana cewa jiri take ji, zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe. A ɗakin haihuwa mai inganci, da jariri ya faɗo ake yi wa uwa allurar oksitosin don mahaifa ta tsuke. Wannan allura ba ta son zafi, a firji ake ajiye ta, don haka tambayar ko akwai firji mai aiki, da ko akwai sola ko janareta idan an ɗauke wuta, tambaya ce ta mai hankali. A 2023 an fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero a Kano tana cikin jagororinsa. A binciken, wata leda ce mai aljihu da ma'auni ake shimfiɗa wa maijego, jinin yana taruwa a ciki, ma'aikaciya tana ganin adadinsa a rubuce maimakon ta yi kirdado. Da ya kai rabin lita sai a haɗa magungunan tsayar da jinin gaba ɗaya a lokaci guda. Matsanancin zubar jini da munanan abubuwan da ke biyo bayansa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100. 'Yar ƙasarmu ce ta sa hannu a wannan aiki, a asibitocinmu aka gwada shi, don haka muna da bakin tambaya ko ana amfani da wannan leda a inda matanmu za su haihu.

Ku leƙa ɗakin ajiyar jini ma. A yawancin asibitocinmu ba a ba da ledar jini sai dangi sun kawo wanda zai mayar. Ku san rukunin jinin mai cikin, ku zaɓi mutum biyu ko uku cikin ƙanne da abokai waɗanda suka yarda, a ajiye lambobinsu. Samarinmu, wannan aikinku ne. Jinin da kuka bayar jiki zai mayar da shi, yayarku kuwa idan ta tafi ba ta dawowa.

Ku tambayi kuma abin da babu mai son jin sunansa, wato tiyata. Ana yi a nan ko sai an tura wani wuri? Idan ƙaramin asibitin unguwa ne ko na ƙauye, wane babban asibiti suke turawa, tafiyar minti nawa ce, akwai motar asibiti ko ku za ku nemo? Suna da allurar jijjiga a ajiye? Jijjiga ba iska ba ce, hawan jini ne na ciki, kuma sau da yawa tana yin sallama kafin ta zo: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannaye. Haka nan naƙudar da ta haura awa 12 ba ta jiran rubutu ko jiƙo. Duk wanda ya san cibiyar masu yoyon fitsari ta Babbar Ruga a Katsina, ko ta Danja kusa da Maraɗi, ya san ƙarshen doguwar naƙuda: jariri ya tafi, yarinya ta dawo gida fitsari na bin ƙafarta. A Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Ku tambaya ko asibitinku yana ciki da abin da ake buƙata, tun ba a miƙo muku takardar kuɗi ba.

Iyayenmu mata, Allah ya ƙara girma, maganarku ce ake ji a ɗakin naƙuda. Idan 'yarku ta dawo gida goyon ciki, asibitin da ta yi awo yana can garin mijinta, wanda ke kusa da ku kuwa bai san ta ba. Ku sa ta zo da katinta da sakamakon gwaje-gwajenta, ku kama hannunta ku kai ta a buɗe mata fayil, ku ma ku ga wurin. Kun haifi goma a gida lafiya, mun gode wa Allah, amma kun san sa'o'inku nawa ne ba su tashi daga kan gwiwa ba. Ku gaya wa mai cikin fari cewa ɓoye naƙuda don kada a ce ba ta da kunya ba jarumta ba ce. Ta faɗa da ta ji ciwon farko, ko da faya ta fashe, ko da ta ji ɗan ya daina motsi.

Magidanta, kafin ku yi tafiya kasuwa ko ci-rani, ku ba da izini a gaban shaidu cewa duk lokacin da naƙuda ta tashi a kai ta asibiti ba sai an neme ku ba, ku kuma faɗi wanda zai sa hannu idan likita ya ce aiki za a yi. Ku yi magana da direba tun yanzu. A jihohi da dama na Arewa direbobin ƙungiyar NURTW sun daɗe suna aikin sa kai na ɗaukar masu naƙuda, ku je tasha ku tambaya, ku rubuta lamba a jikin bango.

Ku kuma malaman asibiti, mun san ku kaɗan ne, aiki ya yi muku yawa, wata tana kwana ita kaɗai da gadaje takwas. Duk da haka muna roƙon ku buɗe mana ƙofa. A ranar awo, bayan lacca, a ɗauki mata goma-goma a zagaya da su idan ɗakin ya ɗan lafa, tare da kiyaye sirrin waɗanda ke kwance. A ware wa maza lokaci a nuna musu hanya da ofisoshi ko da ba za su shiga ciki ba. Macen da ta san ku za ta zo muku da wuri, kuma wadda ta zo da wuri ta fi sauƙin ceto a kan wadda aka kawo ranga-ranga da asuba.

Limamai su faɗi wannan a huɗuba, masu unguwanni su faɗa a taron suna, malaman Islamiyya su tara ɗalibansu masu juna biyu su nemi rana wajen shugabar ɗakin haihuwa mafi kusa. Duk wanda ke da mai ciki a gidansa, ko mata ko 'ya ko ƙanwa ko maƙwabciya, ya duba katinta yau ya ga yaushe ne awo na gaba, ya shirya ya raka ta. Idan kun isa, ku yi sallama ku ce: Malama, mun zo ne a nuna mana inda za ta haihu.