Wanda Aka Ɗaure, Ina Hanyar Wanke Sunansa?

Ya ku malamai da fatake na ƙasar Bagudo, Illo da Ka'oje. Tun da aka rufe iyaka a watan Agusta 2019, aka kuma hana kai fetur kusa da ita, mutane da yawa sun shiga hannun kwastan a hanyar Lolo da Tsamiya. Wanda aka yanke wa hukunci, ko ya gama zaman kurkuku, ko ya biya tara, sunansa yana nan a littafin kotu. Nijeriya kuwa ba ta da dokar da ke shafe wannan don shekaru sun wuce.

Malamai sun san a mazhabar Malik wanda aka yi wa haddin ƙazafi, in ya tuba, ana karɓar shaidarsa, sai fa a cikin irin abin da aka hore shi dominsa. To, kotun gwamnati ba ta duba tuba, takarda take nema.

Wanda ya ga an zalunce shi, sai ya ɗaukaka ƙara. Daga babbar kotu kwana 90 ne, amma in sun wuce yana iya roƙon ƙarin lokaci da uzuri mai ƙarfi. Idan aka rushe hukuncin, ya fita fes.

Saura afuwa, nan ne fatake ke ɓata tafiya. Sashe na 212 na tsarin mulki ya ba Gwamna ikon yafe laifin da ya saɓa wa dokar jiha kaɗai. Fasa-ƙwauri kuwa laifin tarayya ne, watau sai Shugaban Ƙasa, bisa sashe na 175, bayan ya shawarci Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. Kai kuka Birnin Kebbi a kan buhun shinkafa wahalar banza ce. Afuwa cikakkiya tana wanke mutum: Obasanjo da aka ɗaure a 1995 ya same ta a 1998, ya ci zaɓe a 1999. Sai dai a ganinmu ƙofar ta fi buɗuwa ga manya. A 2022 tsofaffin gwamnoni biyu, Dariye da Nyame, suna cikin waɗanda aka yafe wa.

Wanda alƙalin Kandi ya ɗaure a Jamhuriyar Benin, afuwar Abuja ba ta kai can. Su tsarin Faransa suka gada, inda ake iya roƙon kotu ta mayar wa mutum da mutuncinsa bayan wa'adi, in bai sake laifi ba. Can zai kai takardarsa, da lauyan ƙasar.