Karatun da Muka Yi a Gindin Gawo

Ran Asabar da ta wuce malaminmu na ilmin halittu ya fita da mu bayan gari, domin mu ga yadda itace da dabba da ƙasa ke zaman cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Waɗansu daga cikinmu suka yi ta gunaguni, wai yawon banza ne, ga jarrabawa ta matso. Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, ga kuwa dalilinmu.

Da muka isa wata gona sai muka tarar da gawo tsaye ba ganye ko ɗaya, alhali damina ta yi tsaka. Geron da ke gindinsa kuwa ya ɗara na sauran gonar tsawo da duhun ganye. Malam ya tambaye mu dalili, duk muka yi tsit. Sai mai gonar, wani dattijo, ya jingine fartanya ya ce, "'Ya'yana, ai gawo da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani sai ya tofo, shanu su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar mana kashinsu." Malam ya ƙara da cewa a saiwarsa akwai waɗansu ƙananan halittu masu kamo naitirojin daga iska, su mai da shi abincin shuka.

To, jama'a, sau nawa muka haddace wannan kalma a aji ba mu san tana bakin ƙofarmu ba? Lalle gani ya kori ji. Kada kuma a ɗauka abin ƙarami ne. Bayan farin 1984 manoman ƙasar Maraɗi da Damagaram suka dinga barin tohon itatuwa a gonakinsu, har ƙasar da ta gaji ta farfaɗo.

Gobe mu ne malamai. In muka kulle yara cikin ɗaki da allo kaɗai, za su tashi suna raina sanin iyayensu, su sare gawo su yi itacen wuta. Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta ta sa irin wannan fita sau biyu a shekara, damina da rani, a kuma riƙa gayyatar manomi ya yi bayani tare da malam. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.