Ganga Da Kunne Ake Sayenta

Jama'a, damina ta matso, lokacin gayya ya zo. Ƙungiyoyin samari da yawa a ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram suna haɗa kuɗi don sayen gangar noma ko kalangu. To, kafin kuɗin ya fita daga asusu, muna da shawara.

Mu mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne wajen sanin amo. A shekarar 1955 wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, ya ga duwatsun nan na Birnin Kudu waɗanda in an buga su suke ƙara kamar ƙararrawa. Ramukan da ke jikinsu shaida ne cewa kakanni sun daɗe suna zaɓen dutse da kunne. Ashe abin kunya ne jikokinsu su zaɓi ganga da ido.

Yau a birane ana sayar da ganguna masu fenti da zane, an yi su don baƙi su rataye a bango. Sukan yi kyan gani, wani lokaci har da araha. Amma araha ba ta ado. Yawanci da ɗanyen itace ake sassaƙa su, hunturu ɗaya sai kangon ya tsage, kuɗin jama'a ya bi ruwa.

Ga abin da muke ganin ya kamata a duba. Da farko kango. A ƙwanƙwasa shi da yatsa, busasshen itace yakan amsa da tsabta. A duba ko akwai tsaga da aka toshe aka rufe da fenti, ko ƙananan huji na ƙwari. Na biyu fata. A ɗaga ta wajen haske, kada a ga rami ko wurin da wuƙa ta kankare ya yi sirara. Na uku tsarkiya. A matse kalangu a hammata a buga: in murya ta hau ta sauka yadda ake so, ya yi. In ta tsaya wuri ɗaya, a ajiye shi, domin kalangun da ba ya magana ba kalangu ba ne.

Kada a tafi kasuwa sai da makaɗi. Kuma a fi son sayen ta masassaƙin da aka san gidansa, don ran da fata ta fashe a san inda za a kai gyara. Ta haka kuɗin zai tsaya a hannun masassaƙi da majemi na gida, 'ya'yansu kuma su ga dalilin koyon sana'ar.

Abu na ƙarshe, kowace ganga itace ce aka sare. Manyan itatuwa irin su kirya da maɗaci suna ta raguwa a dazukanmu. Ƙungiyar da ta sayi ganga bana, ta dasa itatuwa kafin ruwa ya ɗauke, ta kuma killace su daga awaki.