Zancen Malam: Likitan da Ya Tara Ganye Cikin Littafi



Ran nan na shiga aji da ganye iri huɗu a aljihu, watau sabara, kalgo, taura da maɗaci. Na riƙa ɗaga su ɗaya ɗaya, ina tambayar sunansu. Sabara kowa ya san ta, gama tana nan bayan makaranta. Kalgo kuwa rabin aji suka sani. Da na kai kan taura da maɗaci sai aji ya yi tsit. Ban ga laifinsu ba. Sa'ad da muke yara mukan bi iyayenmu mata zuwa bakin dajin Rugu neman itace, suna nuna mana, suna faɗa mana sunan kowane. To, tun da 'yan bindiga suka mai da dajin nan mafakarsu, wace uwa ce za ta kai ɗanta can?

Wannan ya tuna mini da wani likita na zamanin dā, mutumin birnin Augsburg a ƙasar Jamus, sunansa Leonhard Rauwolf. A Faransa ya koyi aikin likita. A zamaninsa babu ƙwayoyi da allurai irin na yau, yawancin magani daga ganye da saiwa da ɓawo ake samunsa. Littattafan da ya karanta sun ambaci itatuwan ƙasashen gabas da yawa, amma shi bai taɓa ganinsu da idonsa ba. Sai ya ƙudura ya je ya gani.

A shekara ta 1573 ya shiga jirgin ruwa, ya sauka Tarabulus, ta Lebanon, ba ta Libiya ba. Daga nan ya wuce Halab a ƙasar Suriya. A 1574 ya bi Kogin Yufiretis, ya kai har Bagadaza. A 1575 ya hau duwatsun Lebanon ya ga itatuwan al'ul, irin waɗanda Sarki Sulemanu ya yi ginin Haikali da su, ya kuma ziyarci Urushalima. Bai koma gida ba sai 1576.

Ga yadda ya yi aikinsa. Duk inda ya ga tsiron da bai sani ba, sai ya tsinko, ya danne shi tsakanin takardu har ya bushe, ya manna shi a shafi. Bai raina mutanen gari ba. Yakan tambaye su sunan da suke kiran abin da amfanin da suke yi da shi, ya rubuta. A Halab ya tarar da mutane suna shan wani baƙin abu mai zafi da safe, ya ba da labarinsa cikin littafin tafiyarsa wanda aka buga a 1582. Gahawa ke nan, tun mutanen ƙasarsa ba su san ta ba.

Likitan ya rasu a 1596, amma ganyayensa suna nan. Manyan littattafai huɗu ne, ana ajiye da su a birnin Leiden ta ƙasar Holan, masana suna buɗe su har wa yau, bayan shekara fiye da 400. Daga baya aka sa wa wani dangin itatuwa sunansa, Rauvolfia, don girmama shi. Daga saiwar ɗayansu, wanda ke fitowa a Indiya, aka fitar da wani maganin hawan jini a 1952.

Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A nan Arewa ma an yi wani likita mai irin wannan hali, Dokta J. M. Dalziel. Ya tara tsire-tsire, ya tambayi manoma da makiyaya, a 1916 kuwa ya fitar da littafi guda na sunayen itatuwa da ciyayi da Hausa. Kakanninmu ne suka faɗa masa. Abin da baƙo ya ga darajarsa har ya rubuta, mu masu shi za mu bari ya bi tsofaffi kabari? Kakata ta san ganye fiye da kowa a unguwarmu. Ta rasu ban rubuta ko layi ɗaya daga bakinta ba, ni da ake kira malam. Abin yana cina har yanzu.

Watakila wani zai ce, "Malam, wannan ba hanyar bokanci ba ce?" A'a. Itace halittar Allah ce, sanin sunanta da amfaninta ba tsafi ba ne. Tsafi shi ne yanka wa itace kaza. Amma kuma ban ce ku dafa kowane ganye ku ɗura wa yaro ba. Maganin hawan jinin nan sai da masana suka gwada, suka san awonsa. Yaro in ya yi zazzaɓi, a kai shi asibiti.

Ga aikin da nake ba kowane gida a watan nan. Ku sami tsohuwar jarida da littafin rubutu ɗaya. Yara su tsinko ganye a gefen gona da bayan gida kaɗai, kada kowa ya nufi daji. A shimfiɗa ganyen cikin jarida, a ɗora dutse a kai har mako biyu, sa'an nan a manna shi da ƙaro. Da dare a kai wa Kaka ko Baba Tsoho, su faɗi sunansa, da inda yake fitowa, da abin da ake yi da shi. A rubuta, a sa kwanan wata. Ajina ya fara, mun kai shafi goma sha ɗaya.

Allah ya kawo ranar da za mu koma Rugu lafiya, yaranmu kuma su kira kowace itaciya da sunanta. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.